Laujen Bahago

Shekarata goma sha bakwai, amma goma daga ciki a bakin wuta na yi su, don haka in na ce "ku yaran zamani" kada wanda ya yi mini dariya. A lissafin maƙera ni dattijo ne. Girata ta ƙone ta tsiro, ta ƙone ta tsiro, har ta gaji ta ce in nemi wata.

Da ku nake, masu wucewa ta ƙofar maƙerarmu a Balan kuna latsa waya kuna cewa, "Wai ƙira! Ba dukan ƙarfe ba ne kawai?" Wani abokina da muka yi firamare tare ya taɓa faɗa mini haka, sai na miƙa masa masaba na ce bismilla. Bugun farko ya sami ƙasa, na biyu ya sami iska, na uku masabar ta ƙwace ta bi kazar maƙwabta. Har yau kazar nan in ta hango shi sai ta canja hanya.

Aikina na farko zuga. Baba ya zaunar da ni a bayan wuta, zugazugin fatar akuya ɗaya a kowane hannu, kafin daga baya mu koma na wilin keke da ake juyawa. Zuga ba ƙarfi take so ba, ido take so. Gawayin ƙirya muke sawa, don shi ne mai riƙe wuta. Ka zuba wa ƙarfe ido: in ya yi ja kamar nunannen gauta, da saura, in ya koma kalar manja, ka shirya, in ya yi ruwan ƙwai, lokaci ya yi. In ka yi sake ya fara fesa fararen taurari, ka ƙona wa Baba ƙarfe, ƙeyarka kuma za ta ji bayani daga gindin awartaki. Baba ba mai yawan magana ba ne. A bakin aiki kalmominsa biyu ne, "ƙara" da "ya isa". Sauran awartaki ke fassarawa.

A tsakiyar rumfar akwai uwar maƙera, dunƙulen ƙarfen da ake ɗora aiki a kai a buga. Tamu kakan Baba ne ya zo da ita a kan jaki, an ce jakin bai sake yarda da ɗan Adam ba. Ba a zama a kanta, ba a tsallake ta, ba a ɗora mata ƙwanon abinci. Samanta ya yi sulɓi, tsakiyarta ta ɗan lotsa saboda dukan kaka da uba da ɗa. An kafa ta ne ta yadda maƙeri zai ɗauko ƙarfe daga wutar da ke hagunsa, ya buga da damansa. Ku riƙe wannan, don a nan tsiyata take.

Ni bahago ne. Iya, mahaifiyar Baba, ta yi iyakar ƙoƙarinta tun ina rarrafe. Ta buge hannun, ta ɗaure shi da tsumma, ta kai ƙararsa wurin malamin allo. Ta ci nasara a kan tuwo da gaisuwa da karɓar saƙo, duk da dama nake yi. Amma in na ga masaba, hagu ke riga ni zuwa. Shi ya sa in na zauna a gurbin Baba sai hannayena su harɗe, awartaki ya tsallaka nan, masaba ta tsallaka can, kamar mai ɗaure damin dawa. Tabon da kuke gani a damtsena ba na faɗa ba ne, na harɗewa ne.

Laujen farko da na ƙera, daga guntun sifirin mota na fitar da shi. Na sare da kurfi, abin saran ƙarfe, na shimfiɗa, na lanƙwasa, na wasa da magagari, na tsoma a ruwa ya yi cuu, na ɗora ƙota. Kyau kam, ko amarya ta gan shi sai ta yi kishi. Abin da ku yaran zamani ba ku sani ba, lauje yana da hannu. Fuska ɗaya ake wasawa, wuyansa kuma akan ɗan karya shi gefe guda don kada yatsun mai yanka su gogi ƙasa. Baba ya karɓa, ya je gindin danga ya kama ciyawa ya ja. Laujen ya bi ta kanta sumul, kamar yana shafa kan maraya. Ya sake ja. Ciyawar ko gezau.

Ya juya shi, ya dube ni, ya ce, "Kai, wa ka ƙera wa wannan? Mutanen cikin madubi?"

Ya wurga shi cikin wata fasasshiyar randa a bayan rumfa. Na sake gwadawa, na mutanen madubi. Na yi alwala na sake, na mutanen madubi. Kaina ya san daidai, hannuna ya ƙi ji. Baba shi ma yakan ƙera na hagu in wani ya matsa masa, ɗaya ko biyu a shekara, yana yi yana tsaki don hannunsa ba ya so. Amma wa zai ajiye randa guda ta kayan da ba mai tambaya? Aka maida ni kan zuga da fartanya, aka ce wata rana za a narke tarkacen randa a gyara. Gawayi da tsada, ranar ba ta zo ba.

A lokacin ba mu san yunwa ba. Kafin ruwan farko, layin masu garma da sungumi sai ya kai bakin masallaci. Baba ba ya auna mutum da igiya. Yakan ce, "Je ka ɗauko mini wancan gawayin," ya bi bayan mutum da kallo, ya ga yadda yake sunkuyawa, shi ke nan ya san yadda zai karya wuyan garmarsa. Wani dogon mutum daga Gaya ya taɓa kawo ƙarar ciwon baya, Baba ya sa garmarsa a wuta ya ɗan buɗe ta, bayan damina mutumin ya dawo da zabi biyu yana kiran Baba likita.

Sai shekarar da na gama ƙaramar sakandare. Ranar kasuwar Gaya mun shimfiɗa buhu mun jera kaya, sai ga wata kurkurar ɗaukar kaya shaƙe da kwalaye, da lasifika a samanta tana ihu. Lauje ɗan Caina ne, ƙotar roba ja, baki da haƙora, ƙyalli kamar a duba fuska. Kuɗin namu ɗaya ya sayi nasu uku har da canjin rake. Mutane suka yi can kamar an ce ana rabon Aljanna. Mu kuwa ranar nan ƙuda ne kawai ya taya kayanmu. Wata akuya ta zo ta sansana, ita ma ta bi lasifika.

Baba ya aike ni na sayo ɗaya. Na ɗauka zai tofa masa yawu. Ya gwada a farcensa, ya gwada a kan igiya, sannan ya ce, "Yana yanka."

"Baba, ai gwangwanin madara ne aka yi wa fenti!"

"Na ce yana yanka. Kaka ɗaya zai yi, amma zai yi ta."

Muna cikin haka Gwaggo Hanne, wata maƙwabciyarmu da mijinta ya rasu ya bar mata yara da awaki, ta zo wucewa da jar ƙota tana leƙowa daga mayafinta. Ta ga mun gani. Ba ta gudu ba, ta tsaya ta ce, "Malam, ka yi haƙuri. Naka na shekara goma ne, na sani. Ni kuwa ciyawar yau nake nema."

Baba ya ce, "Gaskiyarki, Hanne. Allah ya sa albarka."

Na so in yi fushi da ita, sai na dubi ƙafata, silifas ɗin ɗan Caina ne. Tocilar gidanmu haka, wayar da nake taƙama da ita haka, har fulas ɗin kunun Iya. An ce araha ba ta ado, to, amma tana kai talaka gona. Majeminmu da masaƙinmu ma da bakinsu za su ce mu muka fara guje musu.

Daga lauje aka kawo fartanya, aka kawo wuƙa, aka kawo gatari. Ta ɗaya gefen kuma 'yan gwangwan suka bi gari gari suna kwashe tsohon ƙarfe a sikeli suna lodawa a manyan motoci, sifirin da muke saye da sauƙi ya koma kamar zinariya. Ka saya da tsada, ka ƙera da gumi, ka rasa mai tayawa. Maƙeran ƙauyukan da ke kewaye da mu suka riƙa kashe wuta ɗaya bayan ɗaya. Yayana, Ya Murtala, wanda shi ake sa ran zai gaji gurbin Baba, ya ajiye masaba ya karɓi babur ya koma acaɓa a Gaya. Tuwonmu ya yi ta ramewa har sai da na fara hango gindin kwano tun kafin in sa hannu.

Akwai wani Sale mai gwangwan da ya ɗora wa uwar maƙerarmu ido. Kullum ya zo wucewa sai ya tsaya ya gaishe ta kafin ya gaida Baba. "Malam, wannan fa nauyinta kuɗi ne zaune. Ga shi ba ta haihuwa." Baba yakan yi kamar bai ji ba. Ran nan kuwa, shinkafa ta fara ja a fadama, ba wanda ya kawo ko gyaran lauje, Baba ya ce, "Sale, ka bari a yi yankan shinkafa. In wutar nan ba ta ciyar da gidan nan ba, ka zo da mutanenka ku ɗauka." Ya juyo gare ni ya ce ni kuma zan tafi Kano shagon Kawu. Kun san abin da Kawu ke sayarwa? Jar ƙota, kwali kwali.

Iya ta ji labari ta fito har bakin rumfa da sandarta. "Ranar da za a ɗora uwar maƙera a sikeli, ku fara ɗora ni."

Na ce, "Iya, ke ai ko kuɗin alewa ba za ki kawo ba."

"Ka ji mini miji marar amfani! Da na bar hannun nan naka a ɗaure da yanzu ka zama mutum."

Baba bai yi dariya ba. Washegari ya ce in juye tarkacen randar nan a buhu, in kai kasuwar Ajingi in sayar wa masu sikeli, in sayo gawayi da kuɗin.

Ina tsaye a layin sikeli, bakin buhu a buɗe, sai wani mutum ya tsaya a kaina. Baƙi ne, kakkaura, yatsun damansa duk a naɗe da tsumma kamar an yi musu suna. Ya leƙa buhun. Ya waiga dama, ya waiga hagu, kamar mai shirin sata. Sannan ya zura hannu ya ɗauko lauje ɗaya, da hagu.

"Samari, wannan na sayarwa ne?"

"Na narkewa ne, Malam. Kuskure ne."

Bai saurare ni ba. Ya tsuguna a bakin kwata inda ciyawa ta yi tsawo, ya kama da dama, ya ja da hagu. Fyat. Ya sake. Fyat. Wallahi da ban riƙe shi ba da ya aske kasuwar Ajingi gaba ɗaya har da gemun mai sikeli.

Sunansa Malam Ilu, daga Gafasa, ɗan ƙwadagon yankan shinkafa. Ya kwance tsumman ya nuna mini. In bahago ya riƙe laujen dama, bakin ba ya cizon kara, sama yake zamewa ya sami yatsu. A da maƙerin garinsu ke yi masa nasa, yanzu maƙerin yana tura baro a birni. Ya sayi jar ƙota ya sa a wuta don ya juya wuyan, ta karye kamar ƙuli. Ya sayi wata, ita ma haka. Injin da ke buga su a can ƙasarsu hannu ɗaya ya sani. Masu gona har sun fara tsallake shi in suna ɗibar ma'aikata, don yana baya a layi kuma yana ɓata shinkafa da jini.

"Wa ya ƙera?" in ji shi.

Na ɗaga hannun hagu.

Ya yi dariya har da dukan cinya. "Ashe ɗan gida ne! Ɗaure buhun nan, kada ka bari sikeli ya taɓa shi."

Ashe bahagwai sun san juna. A layin yanka kullum su ake kaiwa can gefe don kada su sari na kusa da su, saboda haka duk wanda ya saba tsayawa a bakin layi ya san 'yan uwansa na kowace fadama. Malam Ilu ya shiga kasuwa yana jawo su ɗaya ɗaya, wannan daga rumfar masu awo, wancan daga wurin mai shayi. Ko wanne sai ya waiga kafin ya miƙo hagu. Ban taɓa sanin muna da yawa haka ba. Da mun kafa jam'iyya da mun ci kansila.

Na koma gida da gawayi da rabin buhu da labari. Baba ya saurara ya ce, "Bahagwai nawa ne a duniya?"

Bai rufe baki ba suka fara zuwa. Daga Gafasa, daga Ajingi, daga Gaya. Wani babban mutum mai rawani ya ce wai wani maƙwabcinsa ne ya aiko shi, amma da ya zo gwadawa maƙwabcin ya fito ta hannun rigarsa ta hagu. Mata suka riƙa aiko da saƙo daga cikin gida, a yi musu wuƙar yanka kuɓewa irin ta wancan hannun, kada a faɗa wa kowa. Wanda ya zo don lauje kuma sai ya taho da fartanyarsa 'yar Caina da ta lanƙwashe, mu miƙe ta mu yi mata baki. Duk wanda ya karɓi sabo sai ya yar da karyayyiyar jar ƙotarsa a bayan rumfa, har suka cika randar da laujunana suka bari.

Kada ku ce na ce mun kori kurkura. Tana nan, lasifikarta ta ma ƙara ƙarfi, Gwaggo Hanne har gobe a can take saye, Ya Murtala kuma yana kan babur. Abin da muka samu shi ne ɗan gefen da inji ya manta, kamar yadda ake ba bahago gefen layi.

Laujunan da na tara suka ƙare, masu jira ba su ƙare ba. Baba ya ce in koma zuga, shi zai ƙera. Ya buga, ya lanƙwasa, ya wasa, ya miƙa wa Malam Ilu. Malam Ilu ya juya shi ya ce, "Maƙeri, wannan ai na dama ne." Baba ya sake, yana sauri don mutane na jira, hannun ya sake komawa inda ya saba. Na cije leɓe har ya kusa jini, amma maganar ta fi ƙarfina.

"Baba, wa ka ƙera wa wannan?"

Awartaki ya same ni a inda ya saba. Ban yi nadama ba.

Na karɓi gurbin, ina ƙerawa a harɗe, ina ƙona damtse, aiki na tafiya kamar hawainiya. Baba yana tsaye yana kallo. Ana cikin haka, da hantsi, sai ga Sale da kurkurarsa da wasu ƙarti biyu da sanduna da igiya. An ce bayan yanka, shi kuwa tun da ya ga an fara ɗaure dami ya ce alkawari ya cika. Iya ta fito da sandarta. Malam Ilu da mutanensa suka miƙe tsaye.

Baba ya ce, "Ku ɗaga ta."

Ƙartin nan suka tona gindinta, suka zura sanduna, suka yi nishi kamar shanun huɗa, jijiyoyin wuyansu kamar igiyar guga. Uwar maƙera ta bar ƙasa, karon farko tun zamanin jaki. Suka nufi ƙofa.

"Ba nan ba," in ji Baba. "Ku zagayo ta bayan wuta. Yauwa. Ku ɗan juya ta. Ku sauke a nan."

Suka sauke, suna haki, suna zaton hutu ne. Baba ya tura ƙasa da ƙafa ya daddanna gindinta. Yanzu wuta tana dama, uwar maƙera tana inda hagu zai same ta ba harɗewa.

Sale ya ce, "Malam, ban gane ba. Cinikin fa?"

"Ga cinikinka can a randa, jar ƙota ce fal, ka auna ka biya yaran nan ladan ɗauka. Allah ya yi muku albarka, dama na rasa masu ƙarfin da za su matsar mini da ita."

Iya ta rangaɗa guɗa har akuyar Gwaggo Hanne ta amsa. Sale ya tsaya baki buɗe, daga baya shi ma ya fashe da dariya, ya ce an yi masa ƙira ba wuta. Ya kwashi jar ƙotarsa ya tafi.

Baba ya ɗauki masabarsa, wadda ko Ya Murtala bai taɓa bugu da ita ba, ya sa mini a hannun hagu a gaban Iya da kowa. Sannan ya tattare rigarsa, ya zagaya bayan wuta, ya zauna a kan ɗan kututturen da na yi shekaru ina gogewa da wandona, ya kama wilin zuga.

Na sa ƙarfe a wuta. Ya yi gauta, ya tsaya a nan. Na dubi Baba, na dubi mutane, na gyara murya.

"Ƙara."

Ya ɗago ya harare ni, hararar da a da takan sa in nemi hanyar gudu. Sannan ya ƙara.

Saboda haka, ku yaran zamani, wanda yake ganin ƙira dukan ƙarfe ce kawai, rumfarmu ba ta da ƙyaure, ya zo. Sai dai daga zuga ake farawa, gurbin kuwa a cike yake. Akwai wani dattijo a kai, yana da ƙoƙari, amma har yanzu ban yarda ya ƙware ba.